Albarushin Baffa da rokar Turawa

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bidiyon da kuke kallo, mutum biyar suka turo mini shi a WhatsApp cikin mako guda. Turawa ne a tsakiyar hamada, sun kafa roka da ta fi ni tsayi, sun jera kujeru da lemar rana kamar masu jiran ɗaurin aure. Ku saurari ƙirgen. Ta tafi.

A ƙasan bidiyon wani ya rubuta wai kotu a Amurka ta ce kowa ya haɗa bam ɗinsa a gida, ba ruwan gwamnati. Ɗalibaina a nan ƙauyen Birnin Kudu suka riƙe maganar gam. Har ɗaya ya tare ni bayan an tashi, ya ce, “Malam, tunda Amurka ta yarda, in na samo albarushi wajen Baffa, za ka koya mana?” Baffan nasa maharbi ne, bindigar toka gare shi.

Ba zan koya ba. Amma an yi shari'ar, kuma masu roka sun yi nasara. Abin da kotun ta yi hukunci a kansa ne aka juya.

[Hoto: jerin injinan roka, daga ƙarami zuwa babba]

Mu wuce wannan da sauri. Harba roka sha'awa ce a can, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru a nan. Injinan da haruffa ake kiransu, A, B, C, kuma kowane harafi ya ninka ƙarfin wanda ya gabace shi. Daga A zuwa G ƙanana ne. Daga H zuwa sama manya ke nan, kuma ba a sayar maka sai ka samu shaida daga ɗaya daga cikin ƙungiyoyinsu biyu, Tripoli ko NAR. Shaidar hawa uku ce, a kowane hawa sai ka harba a gaban alƙalai, rokar ta sauko da lema ba ta lalace ba. Hukumar jiragen sama, FAA, ita ma sai ta ba da izinin wuri da iyakar nisan sama. A 2004 wasu masu wannan sha'awa sun harba roka daga hamadar Black Rock a jihar Nebada, ta wuce kilomita 100 a sama. Ba gwamnati, ba soja, aljihunsu kawai da na masu taimaka musu.

To, ga inda ake tuntuɓe. Ku gyara zama.

[Hoto: 'yan bindiga a hawan salla]

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawa ya san albarushi. In aka zuba ɗan kaɗan a ƙasa aka sa masa wuta, fuu zai yi, hayaƙi ya tashi, shi ke nan. In aka ɗura shi a bututun bindiga aka danna, sai ka ji tim har cikin ƙirjinka. Garin ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne a ƙasa iskar da ƙonewar ta haifar ta samu filin watsewa, a bututu kuwa an matse ta.

Nakiyar masu fasa dutse wani jinsi ne daban. Ita ba ta buƙatar matsi kafin ta yi ɓarna. Irin wadda ake kira TNT, tartsatsin fashewarta yana ratsa jikinta da gudun kusan mita 6,900 a sakan guda. A irin wannan gudun, daga Kano zuwa Wudil sakan shida ko bakwai ne. Ko direban Hadeja bai kai nan ba, kuma kun san su.

Yanzu ku dubi abin da ke hannun wannan Baturen. Ba gari ba ne, dunƙule ne mai tauri-tauri, kamar robar goge fensir, da rami a tsakiya. Shi ne makamashin manyan rokokin, a taƙaice ana ce masa APCP. Danginsa ne ke cikin dogayen bututu biyu da suke ɗaga kumbon Amurka zuwa sararin samaniya a da. Wuta tana cinsa ne daga fuska, sannu-sannu, 'yan milimitoci a sakan, kamar yadda take cin itace daga waje zuwa ciki, sai dai ya fi itace zafin ci nesa ba kusa ba. Iskar mai zafi tana fita ta wata 'yar ƙofa a gindin rokar. Iska ta yi ƙasa, roka ta yi sama.

Ku sake kallon tashin, na rage masa gudu. Ku ƙirga: ɗaya, biyu, uku, wutar tana nan tana fita. Abin da ya fashe ba ya ba ka lokacin ƙirge. Wannan 'yar ƙofa ita ce komai. In ta toshe, ko makamashin ya tsage wuta ta ci wuri mai yawa lokaci guda, bututun ya kece. Ga misali nan. Ku ga mai ita ya dafe kai. Kuɗinsa ne suka watse, domin rokar da ta fashe ta gaza aikinta.

A kan wannan gaɓa aka yi shekara tara ana shari'a. Dokar Amurka ta 1970 ta ce abin fashewa shi ne wanda babban amfaninsa, ko amfanin da aka saba yi da shi, ya yi aiki ta hanyar fashewa. Hukumar ATF, mai kula da barasa da taba da bindigogi da abubuwan fashewa, ta sa APCP a jerinta. Barasa, taba, bindiga, nakiya a ofis ɗaya, Allah ya raba mu da wannan kanti. Ma'anar shiga jerin ita ce duk injin da makamashinsa ya wuce giram 62.5, sai da lasisi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka yi sabuwar doka a 2002, abin ya ƙara tsauri: hoto, zanen yatsa, binciken tarihin mutum, ga akwatin ajiya na musamman da jami'ai za su zo su duba. Wanda ke zaman haya a bene ina zai kafa wannan? Wasu suka haƙura da ƙananan injina, wasu suka koma injin da ke aiki da iskar gas da roba don su kauce wa takardu.

Tun a 2000 ƙungiyoyin masu roka biyun nan, Tripoli da NAR, suka kai ATF ƙara. Hujjarsu ɗaya: abinmu ƙonewa yake yi, in ya fashe ma asara ce gare mu. A 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wa ATF ba ta bayyana ma'aunin da ta bi ba, ta koma ta kawo hujja. Ranar 16 ga Maris 2009 alƙali Reggie Walton na Washinton ya ga hujjar ba ta gamsar ba, ya soke sanya APCP a jerin.

Abu ɗaya aka cire daga jeri ɗaya a ƙasa ɗaya. Albarushi yana nan a jerin har yau. Wani abin dariya ma, Ba'amurke zai iya sayen albarushi har fam 50, sama da kilo 22, ba tare da lasisin tarayya ba, muddin don tsohuwar bindiga irin ta gargajiya ne. Amma ɗan cokalin da mai roka ke bukata don ya tunkuɗo lemar saukowa bai shiga wannan rangwame ba. Wato ko a can, Baffa ya fi ɗan ɗan'uwansa gata.

[Hoto: dutsen da ake fasawa, motar tifa na jiran lodi]

Hotunan Amurka sun ƙare mini, sai ku yi haƙuri da dutsen garinmu. A Najeriya dokar abubuwan fashewa ta 1964 ce ke aiki, da ƙa'idojinta na 1967. Shigowa da su, haɗawa, ajiya, jigila, sayarwa, duk da lasisi ne daga ma'aikatar ma'adinai ta tarayya. Hukuncin alƙalin Washinton ba ya tsallaka teku.

Ni a ra'ayina ATF ta yi kuskure, ta ga wuta da ƙara ta yi musu kuɗin goro. Amma ba zan ɗauki wannan in ɗora wa tamu ƙasar ba. Mutanen Kano ba su manta da Juma'ar 28 ga Nuwamba 2014 a babban masallaci ba. An sha taƙaita kai wasu nau'o'in takin zamani Arewa maso Gabas saboda ana haɗa bam da su. A Janairun 2024 nakiyar da aka ajiye a wani gida a unguwar Bodija ta Ibadan ta tashi, ta rushe gidaje, ta ci rayuka. Da irin wannan tarihin, in aka tare yaro a shingen bincike da bututun ƙarfe cike da gari, babu jami'in da zai tsaya jin bambancin ƙonewa da fashewa. Kuma a wannan karon shi ke da gaskiya: albarushi a bututu da aka toshe, hannu ya haɗa, ba gwaji, ba ma'auni, ya fi kusa da bam fiye da roka.

Ko nokawut ɗin salla 'yan sanda suna hanawa, balle wannan.

[Hoto: filin ƙwallo, yara sun kewaye gorar lemo]

Ga abin da muka yi da yaron. Gorar lemo ta roba, ruwa kashi ɗaya cikin uku, toshiya, da famfon keke. Iskar da aka matse ta tura ruwa ƙasa, gora ta yi sama, ka'idar ita ce dai ta Baturen hamada. Mai unguwa ya zo kallo, na ce, “Ranka ya daɗe, a ɗan ja baya.” Bai ja ba. Ga babbar rigarsa nan.

Kai, ɗauke kanka daga saman gorar! Buga. Ƙara. Ƙara. Ta wuce darbejiya! Wani ya bi ta da gudu, ta faɗa gonar gero, kada ku tattake wa mutane shuka.