Dilip Kumar da Saira Banu: auren kusan shekara 55, ba ɗa ba jika

Assalamu alaikum, masu kallo. Idan a Bauchi kake, yau da yamma ka samu wani dattijo da ya yi samartakarsa a shekarun 1970, ko a majalisar Wunti ko a teburin mai shayi a Ƙofar Ran, ka ambata masa sunan Dilip Kumar. Za ka ga ya ajiye kofinsa ya gyara zama. Su ne suka yi layin sayen tikitin silima, suka haddace waƙoƙin Indiya ba tare da sun san ma'anar kalma ko ɗaya ba. Yau labarin gidan mutumin nan za mu ba ku, domin abin da ya faru a cikin gidansa ya fi duk fim ɗin da ya yi taɓa zuciya.

Sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan. An haife shi ranar 11 ga Disamba, 1922, a Peshawar, garin da yanzu yake cikin Pakistan, mahaifinsa kuwa ɗan kasuwar kayan marmari ne. Devika Rani, mai kamfanin Bombay Talkies, ita ta ɗauke shi aiki, a can kuma ya samu sunan Dilip Kumar, ya fito a fim ɗinsa na farko a 1944. Ya yi fice wajen fitowa a matsayin masoyin da duniya ta juya wa baya, har aka yi masa laƙabi da sarkin baƙin ciki. Abin ya shige shi sosai, sai da likitan ƙwaƙwalwa ya ba shi shawarar ya riƙa karɓar finafinan raha. Sau 8 ya ci kyautar Filmfare ta gwarzon jarumi.

Saira Banu kuwa tun tana 'yar shekara 12 take sonsa, tun yana hoton da take gani a allo. Ta girma, ta shiga fim a 1961, ta yi tashe. Da aka so haɗa su fim ɗaya, shi ya ƙi, yana ganin ta yi masa ƙanƙanta. Ikon Allah, ranar 11 ga Oktoba, 1966, aka ɗaura musu aure, yana da shekara 43, tana da 22.

A 1972 Saira ta samu ciki. Ciki ya kai wata takwas, hawan jini ya taso mata, likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, jaririn bai zo da rai ba. Namiji ne. Daga nan ba su sake samun haihuwa ba har abada. Dilip Kumar da kansa ya ba da labarin a littafin tarihin rayuwarsa na 2014, ya ce sun ɗauki abin a matsayin nufin Allah.

A nan nake so mu ɗan dakata, domin wannan ciwo mun san shi a gidajenmu. Ina da goggo a nan Bauchi da ta shekara fiye da ashirin a ɗakinta ba haihuwa. Ranar sunan wani ƙanena, ina yaro, na gan ta a bayan ɗaki tana tuƙa tuwon suna, hayaƙi na shiga idonta, wata daga dangin mijinta ta wuce ta ce, "Yaya, ke dai kullum sai dai ki tuƙa na wasu." Goggo ba ta ɗago kai ba, muciyar ce kawai ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da tuƙi. Wata takwas Saira ta yi tana jin motsin ɗanta. Ni idan na tuna da ita, wannan muciyar nake gani.

Ba a nan jarrabawar ta tsaya ba, kuma ta biyun daga hannun mijin ta fito. A 1981 ya auri wata mata 'yar Hyderabad a ɓoye, Saira sai a jarida ta gani. Ƙara aure halal ne, ba mai musun wannan. Amma ko a nan, namiji mai mutunci yakan zaunar da uwargidansa ya gaya mata da bakinsa, ya yi mata kayan faɗar kishiya. A bar mace ta ji a bakin duniya, wannan cin fuska ne, ko da sarkin jarumai ne ya yi. Auren bai daɗe ba, ya mutu a 1983, daga baya kuma shi da kansa ya amsa cewa babban kuskure ya tafka. Saira ta yafe, ta zauna a ɗakinta.

Fim ɗinsa na ƙarshe ya fito a 1998. Tsufa ya zo, jiki ya ƙi, yau asibiti gobe gida. Saira, wadda ta daɗe da barin fim, ita ta zama mai jinya, ita ke riƙe hannunsa a bainar jama'a, ita ke magana a madadinsa. A 2020 cutar korona ta ɗauke ƙannensa biyu, Aslam da Ehsan, a tsakanin 'yan makonni. Ta haɗiye mutuwar ita kaɗai, ta hana a gaya masa don kada zuciyarsa ta karye.

Ranar 7 ga Yuli, 2021, ya rasu a asibitin Hinduja da ke Mumbai yana da shekara 98. A ranar aka yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar Musulmi ta Juhu. Saira ta koma gidansu na Pali Hill tana da shekara 76, ta shiga takaba. Allah ya jiƙansa, ita kuma ya saka mata da alheri.