Sharhi: Ɗan Farin da Bai Shiga Katin Asibiti Ba

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

A ɗakin awo, nas ta tambayi mai juna biyu, "Haihuwarki nawa?" Matar ta sunkuyar da kai ta ce uku, aka rubuta uku. Alhali huɗu ne. Ɗan fari ta tsallake, wanda ko sunansa kunya ba ta barinta ta kama, balle a gaban baƙuwar fuska. Ba ƙarya ta yi ba, tarbiyyar da ta tashi a ciki ke nan. Sai dai da wannan katin za a yi aiki ranar naƙuda, kuma wataƙila haihuwar da aka tsallake ita ce ta zo da gardama.

Haka mai haihuwar fari da ke cije leɓe, ko uffan ba ta cewa. Nas ɗin da ba ta san dauriyar matanmu ba sai ta ce da saura, ta wuce gado na gaba.

Makarantunmu na koyon aikin jinya da ungozoma suna koyar da allura da gwajin jini yadda ya kamata. Kiran da muke yi ga hukumar da ke tsara musu manhaja shi ne a mai da sanin al'adun majinyata darasi mai jarrabawa, ba 'yar nasiha a ƙarshen aji ba. Kada kuma a ɗauka da 'yan bautar ƙasa daga Kudu kaɗai muke. Bahaushiya 'yar birni ma takan daka wa 'yar ƙauye tsawar da za ta sa ta rantse ita da asibiti har abada.

Sanin al'ada ba ya nufin a sa wa kowace al'ada albarka. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka alaƙanta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa, da wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. To amma wa za a faɗa wa? Yarinyar da ta je wankan gida ba ita ke dama kunun ba, kuma ba ta isa ta ce wa uwarta a'a ba. Nas ɗin da aka horar za ta leƙa baranda ta kira tsohuwar da ke riƙe da fulas, ta gaishe ta da kyau, ta ce, "Inna, ki zauna mu yi shawara kan kanwar nan."