Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa ake saka wa motar gudu turbo biyu?

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan mako kusan duk kan injin motocin gudu suka karkata, shi ya sa muka gayyato wani injiniyan motoci ya taya mu amsawa. Ta farko gajeriya ce, mai wasiƙar yana son sanin wanda ya ƙirƙiro turbo. Alfred Büchi ne, injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya yi rajistar fasahar a shekarar 1905.

Ta biyu kuwa mutane da dama ne suka aiko da ita, har wani ya turo sau uku, Allah ya ƙara masa haƙuri, yau dai ga amsarsa. Suna tambaya ne ko motar da ke da tagwayen turbo ta ninka mai turbo ɗaya ƙarfi. Injiniya, bismillah.

Injiniya: Na gode. Inji ba ya ƙona mai sai da iska, kuma gwargwadon iskar da ta shiga silinda, gwargwadon man da zai iya ƙonawa. Turbo farfela biyu ce a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska ta danna ta cikin injin da ƙarfi. Sandar nan takan yi juyi sama da 100,000 a minti ɗaya. Matsalar ita ce babban turbo yana da nauyi, idan direba ya taka totur alhali inji yana juyawa a hankali, hayaƙin bai isa ya motsa shi nan take ba, sai a ji motar ta ɗan yi jinkiri kafin ƙarfin ya zo mata gaba ɗaya. Wannan jinkirin ne aka fi neman magancewa da turbo biyu.

Hanya ta farko ita ce a raba aikin tsakanin ƙananan turbo biyu masu aiki lokaci guda, kowanne yana karɓar hayaƙin rabin silindojin, kuma saboda rashin nauyinsu suna saurin tashi. Haka Maserati Biturbo ta fito a 1981, haka Ferrari F40 a 1987, haka kuma Nissan Skyline GT-R ta 1989. Hanya ta biyu ita ce ta bi da bi: yayin da inji ke ƙasa, ana tura hayaƙin duka ga turbo ɗaya domin ya tashi da wuri, idan juyin inji ya hau sai a buɗe wa na biyu hanya ya shigo. Porsche 959 ta bi wannan tsari a 1986, Toyota Supra ta 1993 ma haka, inda na biyun ke kama aiki wajen juyi 4,000 a minti. Ni kam Mazda RX-7 ce ke ba ni sha'awa, domin tarin ƙananan bututun da ke sarrafa turbonta ya isa ya gwada haƙurin kowane makaniki, ɗaya ya tsage sai...

Mai gabatarwa: Injiniya, a gafarce ni, lokaci yana kore mu. Ƙarfin ya ninka ko bai ninka ba?

Injiniya: Bai ninka ba. Yawan iskar da aka danna da kuma juriyar injin su ne ke yanke ƙarfi, akwai ma wata ƙofa da ke kauce da rarar hayaƙi domin kada matsin ya wuce kima. Babban turbo guda yana iya ba da ƙarfin da biyu ke bayarwa, sai dai ba zai amsa da wuri kamarsu ba.

Mai gabatarwa: To, bari in maimaita domin wanda bai kama ba: turbo biyu ba ninkin ƙarfi ba ne, amfaninsu shi ne mota ta amsa da zarar an taka ta, daga ƙasa har sama. A ganina ma wannan ya fi wa direba amfani a kan kwana fiye da lambar da ake rubutawa a takarda.

Wata baiwar Allah tana tambaya ko abin da ake kira twin-scroll shi ne tagwayen turbo. A'a, Hajiya, turbo ɗaya ne mai mashigar hayaƙi biyu.

Sai wani da ya ce yakan kashe inji nan take bayan ya sha gudu, wai ko akwai laifi. Haba Malam, ai akwai. Turbo yana ɗaukar zafi ƙwarai, kuma da an kashe inji baƙin mai ya daina zagayawa, wanda ya rage a jikin sandar sai ya ƙone ya daskare. Sababbin motoci da yawa suna da famfon lantarki da ke ci gaba da sanyaya shi, amma idan taka tsohuwa ce, ka bar ta tana aiki minti ɗaya ko biyu kafin ka murɗa makulli. Sauran wasiƙun, ciki har da mai tambaya kan turbo huɗu na Bugatti Veyron, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.