Yadda za ka ƙirƙiri solo naka a jita

Assalamu alaikum 'yan'uwa na unguwannin Aboabo, Asawase da Sabon Zango a Kumasi, da duk inda kuke kallonmu. Yau maganar solo za mu yi, wato lokacin da mawaƙi ya yi shiru aka bar wa mai jita fili. Yaranmu da yawa sun iya kwaikwayon solon wasu daga YouTube, yatsa bayan yatsa, babu kuskure. Amma ranar biki, in aka juyo aka ce "to, kai ne", sai hannu ya yi sanyi. Abin yana damuna, domin abin da suke nema yana bakinsu tun suna yara.

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa ko dai ta hau, ko ta sauka, ko ta faɗo daga sama zuwa ƙasa. Shi ya sa mai kalangu yake iya kiran sunan mutum da ganga, mutumin kuma ya waiwayo. Dabarar da zan nuna maka ke nan: ka sa jita ta faɗi abin da bakinka ya faɗa.

Ɗauki jitarka. Muna ƙirga tsirkiya daga siririyar da ke ƙasa, ita ce ta ɗaya. Gida kuwa shi ne filin da ke tsakanin ƙarafa biyu a wuyan jita, ana ƙirgawa daga kanta. Sa yatsa a tsirkiya ta huɗu, gida na 7. Sunan wannan sauti A. Tsirkiya ta uku, gida na 5, C ce, gida na 7 kuma D. Tsirkiya ta biyu, gida na 5, E, gida na 8, G. Sauti biyar ke nan, makaɗa suna kiransu fentatonik. Kada ka raina su. Ali Farka Touré na Mali, wanda ya rasu a 2006, yawancin kiɗansa a kan irin wannan jeri na biyar ya gina shi, duniya kuma ta saurara.

Yanzu ka ce "ina kwana" da bakinka, a hankali. Gaɓar farko ƙasa take kuma gajeriya, sauran ukun a sama, dogaye. To kaɗa: A gajeriya, sai C sau uku, kana ja. Saurara. Ka ji gaisuwar ta fito? Sai amsa, "lafiya lau": sama, sama, ƙasa, sama. Kaɗa E doguwa, E gajeriya, sauko C, ka tsaya a D. Ka samu kira, ka samu amshi, yadda mawaƙi da 'yan amshi suke yi. Ba ka ari komai a wurin kowa ba.

A nan ne nake so mu daɗe, domin nan ake ɓata solo. Bayan kira, ka ɗaga hannu. Ka bar ganga da bes, wato jita mai kaurin murya, su yi tafiyarsu bugu biyu ko uku kafin ka amsa. Mai koyo yana tsoron shiru, yana ganin kamar za a ce bai iya ba, sai ya cika ko'ina da gudu. Mutumin da yake zuba ba numfashi, ko a majalisa ba a riƙe maganarsa. Gwada wannan: ka riƙa rera abin da kake kaɗawa da baki. Duk inda numfashinka ya ƙare, yatsunka ma su tsaya. Za ka ga jimlolin sun gajarce, sun kuma fi zama a kunne.

Sai maimaici. Kaɗa kiran nan sau biyu daidai yadda yake. A na uku ka canza abu ɗaya tak, ko ka zamo da yatsa daga gida na 5 zuwa na 7, ko ka tura tsirkiya ta uku sama a gida na 7 har D ta koma E. Masu rawa sun riga sun san jimlar, don haka ƙaramin canjin zai taɓa su.

Mu a Kumasi muke, kiɗan da za a ba ka a yawancin bukukuwa hailaif ne, kuma sau da yawa kod uku yake zagayawa, misali C, F da G (kod shi ne sautuka da ake kaɗawa tare a bugu ɗaya). Sautukan nan biyar suna zama a kansu lafiya, sai dai ka lura da inda kake sauka. In ana kan C, tsaya a E ko G. In an koma F, A ce gidanka. In an je G, nemi D. Shi ya sa na sa ka ƙare "lau" a D: ka jira G ta zo, ka sauke ta a kai, sannan ka koma C lokacin da zagayen ya dawo farko.

Wannan gari kuwa yana da gado a jita. A 1928 ƙungiyar Kumasi Trio ta Jacob Sam ta naɗi faifai a Landan, da salon kaɗawa da babban yatsa da manuni wanda ake dangantawa da matuƙan jirgin ruwa 'yan Kru na Laberiya. Koo Nimo, dattijon Asante, ya riƙe wannan salo shekara da shekaru. Ka saurare shi ka ji yadda babban yatsa yake riƙe bugu a ƙasa, manuni yana magana a sama. Ka koyi hannun, amma jimlar ka ɗauko ta daga bakinka.

Game da tsawo, zagaye takwas ya isa mai farawa. Biyun farko kira da amshi a ƙasa. Na tsakiya ka maimaita da ɗan canji. Wajen na shida ka hau tsirkiya ta ɗaya, gida na 8, inda C mai tsini take, sau ɗaya kawai. Sannan ka sauko ka miƙa wa mawaƙi waƙarsa kafin ya buɗe baki, kada ku yi karo.

Aikin wannan mako: zaɓi magana ɗaya da kake ji kullum, ko kiran mai koko da safe, ko na yaron mota a tashar Kejetia. Naɗi kod ukun nan a wayarka na minti biyu, ka kaɗa maganar a kai, ka naɗa. Kada ka saurara sai washegari. Duk inda ka kasa rerawa da baki bayan ji ɗaya, cire shi, ka sake naɗawa.