Lomar farko ce ke ba ni wuya

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da shirun da kuka ji wata biyu. Na ga tambayoyinku a kan idona na dama, har wani ya ce ko barci ne bai ishe ni ba. To ku matso, ga tabon nan a gefen wuya, tsawonsa kamar ɗan yatsa. Tiyata aka yi mini a nan Jamus.

Kusan shekara uku ina ɗauke da wani ɗan ƙulli a ƙarƙashin muƙamuƙi. Ba ciwo, ba zazzaɓi, na ɗauka kaluluwa ce. Hajiyarmu kullum a waya sai ta ce, "Kai dai ka je a duba maka abin nan." Da na je aka tsira masa allura a ɗebi nama, sakamakon bai nuna komai ba, sai da aka ɗauki hoton MRI. Likita ya ce ƙari ne da ya tsiro daga rigar da ke lulluɓe da jijiya, sunansa shuwanoma, kuma galibi ba ciwon daji ba ne. Sunan ya samo asali daga Theodor Schwann, wani masanin kimiyya ɗan Jamus, wanda aka haifa a Neuss a 1810. Garin yana tsallaken kogin Rhine daga nan Düsseldorf, na sha wucewa ta can a jirgin ƙasa ban san muna da alaƙa ba.

Kafin aikin sun zaunar da ni suka yi bayani, domin a wuya jijiyoyi a cunkushe suke. In ƙarin a kan jijiyar da ke aika saƙo zuwa maƙogwaro yake, mutum na iya farkawa da dishewar murya, ruwa ma ya riƙa sarƙe shi. Nawa a kan wata jijiyar ce da ke kwance bayan babbar hanyar jini. Muryata ta tsira, ga shi kuna ji. Amma da na farfaɗo na duba madubi, fatar idon dama ta ɗan sauko, tsakiyar baƙin idon ya tsuke. Wannan shi ake kira ciwon Horner, sunan wani likitan ido ɗan Siwizalan da ya bayyana shi a 1869. Ran nan na hau bene da kaya, hagun fuskata sharkaf da gumi, daman kuwa ƙayau. Matata ta yi ta dariya.

Idon bai dame ni ba, wallahi. Abincin ne. Sati biyu bayan aikin na kai lomar tuwo baki, sai na ji wani azababben ciwo ya soke ni a gaban kunne, daidai inda hangum ke kumbura. Na ajiye hannu, hawaye na zuba. Loma ta biyu da sauƙi, ta huɗu kamar ba a yi ba. Da abincin dare ya zo, ya dawo sabo fil. Likitocin ma sunan da suka ba shi ke nan, ciwon lomar farko. Wurin da ke samar da miyau jijiyoyi iri biyu ke tafiyar da shi, da aka yanke ɗaya, sai ɗayar ta yi masa wawan matsa da zarar abinci ya taɓa harshe. An faɗa mini tun kafin tiyata, amma ina can ina fargabar murya, bai shiga kunnena ba.

Abu mai tsami ya fi tsokano shi, don haka kunun tsamiya da zoɓo mun yi hannun riga. In na daɗe ban ci komai ba ma ya fi tsanani, shi ya sa nake ta tunanin buɗa-baki da azumi. Wata mai zuwa za su gwada mini allurar Botox a wurin, in ji su tana lafar da shi na 'yan watanni. Ga shinkafar nan tana hucewa, bari in juya kyamarar gefe tukuna, ba na son ku ga fuskata a lomar farko.