Hunturu, Duhu da Jakar Wanki

Hajiya: Assalamu alaikum, jama'a. Ba sai na ja ba, tun shigowar Disamba saƙonninku magana ɗaya suke yi: yaran jami'a sun dawo hutu, sanyi ya kankama, iyaye sai tsaki ba gaira ba dalili.

Malam: Da dalili mana, Hajiya. A Landan yanzu rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, yinin bai cika awa 8 ba. Ka fita aiki cikin duhu, ka dawo cikin duhu.

Hajiya: Ka dawo ka tarar da ƙato a kan kujerarka, ya lulluɓe da bargonka. Ni fa wata uku ina ƙirga kwanaki, ina cewa yaushe autana zai dawo. Ya shigo, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya ajiye min jaka a bakin ƙofa. Na ɗauka tsaraba ce.

Anti: Wanki ne.

Hajiya: Wankin zango guda! Safa ɗaya ta sandare, za ka iya jingine ta da bango.

Malam: Nawa jaka biyu ya kawo. Na ce ba injin wanki a makarantar ne? Wai akwai, amma na gida ya fi sanin kayansa.

Anti: Injin ya haddace su ke nan.

Hajiya: Ni ce injin, Anti. Na buɗe jakar na ga rigunan da ban taɓa saya ba, har da wata ta mata. Wai ta abokin abokinsa ce.

Malam: Allah ya sa.

Hajiya: Kai dai bari. Har safar...

Anti: Hajiya, mu bar safar nan, mun kusa cinye rabin shirin. Wata ta rubuto cewa da zarar sanyi ya shigo sai jikinta ya mutu, barci ba ya isarta, ba ta son ganin kowa, har 'yarta da ta dawo. Tana jin kamar ta zama muguwar uwa.

Malam: Wannan yana da suna a wurin likitoci, ciwon damuwa mai bin yanayi. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Norman Rosenthal, shi da abokan aikinsa suka fayyace shi a Amurka a 1984. Shi kansa daga Afirka ta Kudu ya koma New York, sai ya lura duk hunturu kuzarinsa na tafiya. Idan dare ya yi tsawo, jiki na daɗewa yana fitar da melatonin, sinadarin da ke sa barci, agogon jiki kuma ya rikice. Shi ya sa ake ba da fitila mai hasken lux 10,000 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), a zauna gabanta minti 20 zuwa 30 da sassafe. Amma a tambayi likita tukuna, musamman mai matsalar ido.

Hajiya: To ni duhun ba shi ne babban ciwona ba. Ciwona shi ne na tura yaro, an dawo min da baƙo. Da can ƙarfe 10 kowa ya kwanta. Yanzu ƙarfe 2 na dare ina jin dariya daga ɗakinsa, rana ta take bai tashi ba. Ɗan hasken da ake samu, a cikin bargo yake ƙare masa. Ni ina kwance ina lissafin kuɗin zango mai zuwa da na ɗumama gida, shi ya ƙure hita yana yawo da singileti.

Malam: Barcin nan ba duka lalaci ba ne. Agogon jikin matasa yana jan baya, kuma wajen shekara 20 ya fi tsanani.

Hajiya: Malam, kai lauyansu ne yau? Na tambaye shi sakamakon jarrabawa, ya ce "lafiya lau". Shi ke nan.

Anti: Wani mai sauraro daga Amurka ya koka da haka. Ya kira makaranta, aka ƙi faɗa masa komai. Akwai dokar FERPA ta 1974: da zarar ɗalibi ya kai 18 ko ya shiga jami'a, bayanan karatunsa sun zama nasa, galibi sai ya sa hannu iyaye su gani.

Hajiya: Ka biya kuɗi a ce ba ruwanka! Amma gaskiya, ranar da na daina yi masa tambayoyi irin na 'yan sanda, na ce ya raka ni tattaki da hantsi don mu ɗan sha rana, da bakinsa ya faɗa min ya faɗi darasi ɗaya, mako biyu yana ɓoyewa. Muna tafe ba ma kallon juna, sai maganar ta fito. Da a falo na tsare shi, da har yanzu "lafiya lau" nake ji.

Anti: Kuma a lura da su ma. Yaron da ya daina wanka, ya daina amsa wayar abokansa, ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, wannan ba hutu yake yi ba, a kai shi ga likita.

Malam: Mun yi alkawarin shawarwari biyar fa.

Anti: Saura minti ɗaya.

Hajiya: To, a fita a ga rana da safe, a zauna tun daren farko a yi yarjejeniyar lokacin dawowa gida, sauran sai mako mai zuwa. Kuma kowa ya wanke safarsa.

Malam: Kin gano mai rigar kuwa?

Hajiya: Kashe na'urar nan, Malam, zan faɗa maka.