Me ya sa jawwal ɗinka, wato wayarka, ke nauyi, alhali ya ninka Sakhr sau dubbai?

Assalamu alaikum jama'a, 'yan uwa na Makka da Jidda da Madina, da duk inda wannan bidiyo ya same ku.

Ku dubi na'urar da ke kan allo. Wanda ya tashi a ƙasar nan a shekarun 1980 ya san ta: kwamfutar gida ce, Sakhr AX-170. Allon rubutu ne kawai, ka jona shi da talabijin ɗin gida, ka kunna, kafin ka gyara zama ta shirya tana jiran umarni. Kamfanin Al-Alamiya na Muhammad al-Sharikh, ɗan Kuwait, wanda ya rasu a 2024, shi ya kawo ta. Sun ɗauki tsarin MSX da Microsoft da kamfanin ASCII na Japan suka fitar a 1983, suka koya masa Larabci.

Furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi, Z80 ce, mai gudun megahaz 3.58. Ram ɗinta, wato wurin da na'ura ke baje abin da take aiki a kai a daidai lokacin, kilobait 64 ne. Jawwal mai ram gigabait 8, irin wanda ke cike shagunan Titin Falasɗinu a Jidda, ya ninka wannan fiye da sau 130,000. Amma ka taɓa manhaja, ka tsaya kana kallon da'ira tana juyawa. To ina duk wannan ƙarfi ya tafi?

Wani kaso ya tafi inda ya dace, wannan kam dole a faɗa. Allon Sakhr ɗigo 256 ne a kwance, 192 a tsaye, launi 16. Allon wayar yau yakan kai 1080 sau 2400, ɗigo sama da miliyan biyu da rabi, kowanne na cin bait 4. Hoto guda na abin da ke fuskar wayarka kusan megabait 10 ke nan, ram ɗin Sakhr sama da 150 a haɗe. Kuma ana sabunta shi sau 60 a daƙiƙa, wasu wayoyin ma sau 120.

Sai rubutu, wanda ya fi shafar mu. Tsofaffin na'urori gurbin haruffa 256 gare su, shi ke nan. Boko ya ɗauki rabonsa, Larabci ya ɗauki nasa, ina za a sa ƙ da ɗ da ɓ? Sai da Unicode ya fito a 1991 aka fara tsarin da kowane harafi na kowane harshe ke da lambarsa. Yau kana rubuta wa yayarka saƙo a Kano da Hausa, ka jefa sunan unguwa da Larabci a tsakiya, ka biyo da lambar waya. Na'ura sai ta lissafa wane yanki zai bi dama zuwa hagu, wane zai bi hagu zuwa dama, sannan ta duba kowane harafin Larabci ko a farkon kalma yake, ko tsakiya, ko ƙarshe, ko shi kaɗai, domin siffarsa na canzawa. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja mai harsuna biyu ya san yadda alamar baka, wato ( ), ko alamar tambaya ke tsallakawa ta koma ɗaya gefen layi. Aiki ne na gaske, kuma yana cin ƙarfi. Haka ma tsaro: abin da ke tsakaninka da banki ko Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, a kulle yake tafiya, kullewa da buɗewa kuwa lissafi ne. Sakhr ba ta san wannan wahala ba, don ba ta magana da kowa.

Amma wannan bai cinye sau 130,000 ba. Ragowar mu muka cinye, mu masu rubuta manhaja.

Niklaus Wirth, ɗan Siwizalan da ya ƙirƙiro yaren Pascal, ya yi wannan kuka tun 1995: manhajoji na ƙara nauyi da saurin da ya wuce wanda na'urori ke ƙara gudu. Dalilin ba wani boyayye ba ne. Lokacin mai rubuta manhaja kuɗi ne da kamfani ke biya, ram ɗinka kuwa kai ka saya. Idan za a gama aiki cikin wata uku a maimakon shekara ta hanyar ɗora wa na'urarka kaya, wace hanya kuke jin manaja zai zaɓa?

Ga misali. Akwai abin da ake kira Electron. Da shi ake rubuta manhaja sau ɗaya da kayan shafin intanet, ta yi aiki a Windows da Mac da Linux. Slack da Discord na hira, da VS Code na rubuta manhaja, duk a kansa suke. Dabarar ita ce kowace manhaja tana ɗauke da burauzar Chromium sukutum a cikinta. Ka buɗe uku, ka kunna burauza uku ke nan ba ka sani ba, kamar gida ɗaya da kowane ɗaki ya kunna nasa janareta don kwan fitila guda. Ni kaina da VS Code nake aiki, kuma ba na shirin barinsa, amma na san abin da nake biya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ban haushi: kayan da ba don kai aka saka ba. Ƙananan manhajojin talla, masu ƙirga inda ka taɓa, masu aika rahoto. Shafin labari mai sakin layi biyar sai ya jawo megabait da yawa, mafi yawansu ba labarin ba ne.

Sannan zafi, wanda masu zana waya a ofis mai sanyi ba sa ji a jikinsu. Apple ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 da 35. Makka a bazara tana haura 45. Furosesa idan ta ɗau zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa direban da ya maƙala waya a gaban gilashi, taswira a kunne, caja a jone, zai ga ta fara rarrafe da azahar, da daddare kuma ta dawo garau. Ba ƙwayar cuta ba ce, kada a karɓe maka riyal a kan haka. Ka cire mata riga, ka matsar da ita kusa da bakin na'urar sanyi.

Game da kwamfutar tafi-da-gidanka da ta tsufa, ni dai ba na saurin cewa a sayi sabuwa. A fara duba ma'adanarta. Idan tsohon faifai ne mai juyawa, a canza shi da SSD, ma'adana mai sauri da ba ta juyawa. Babu gyaran da ya kai wannan tasiri. Bayan shi a ƙara ram, in ba a like yake da allon na'urar ba, don yawancin sirara na yanzu a like suke zuwa. Ku tambayi mai shago wannan kafin ku biya, ko a Haraj, kasuwar kayan hannu, za ku sayi ta hannu.

Matsalar da ta rage ita ce Windows. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma na neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin na'ura, da furosesa ta baya-bayan nan, a ɓangaren Intel galibi daga zubi na takwas zuwa sama. Na'urori masu lafiya da yawa sun faɗo a wannan sharaɗi. Idan aikinka burauza ne da rubutu da kallon karatu, Linux Mint, wani tsarin da ke maye gurbin Windows, zai ɗauke ta, kyauta, da Larabcinsa da haruffanmu masu lanƙwasa.

Ku kuma ƙannena masu koyon rubuta manhaja, a jami'a ko a YouTube, ku nemi waya mai araha, mai ram gigabait 3, wadda hotunan biki da saƙonnin murya suka cika, irin wadda ke hannun Hajiya a gida. Ku gwada aikinku a kanta, a waje, da rana, da intanet mai yankewa. Ku auna daƙiƙa nawa take ɗauka kafin allon farko ya buɗe, ku rubuta lambar, duk abin da za ku ƙara a manhajar ku sake aunawa.